Fim Ɗin Da Iya Ta Gani Daga Kan Soro

A gidanmu na Kusada, in an idar da isha'i, kakarmu Iya Dije kan jawo kaskon wuta gefen tabarmarta, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta duk mun haddace, amma akwai guda da babu kura babu zomo a ciki.

Tana amarya ta zauna Kano da kakanmu, a wani gida da ke maƙwabtaka da silima marar rufi. Matar aure ba ta shiga silima, sai ta hau soro da sunan kwashe shanya. Allon kawai take hangowa, baƙi da fari, murya ba ta isowa. Don haka duk maganar 'yan fim ɗin ita ta ƙago abinta.

Labarin wani ɗan sandan ciki ne mai malafa, a birnin Turawa inda ruwa ba ya ɗaukewa. Yana farautar mai kisan kai, ashe matar da yake so ce. Ya gane ta, ya rufa mata asiri, ita kuwa ta harbe shi a bakin gada. Kafin ya cika ya buɗe baki ya ce mata wani abu.

A nan Iya ke tsayawa, mu kuwa mu hau suka ba tausayi. Yayata ta ce ba daɗi. Innarmu daga ɗaki ta ce labarin da muguwa ta tsira ba na yara ba ne.

"Ku dai bari," in ji Iya. "Ni abin da ya tsaya mani a rai, mi ya ce mata? Tsine mata ya yi ko yahe mata? Sule, in ka ji Turanci ka binciko mani. Ban son in tahi ban sani ba."

Na ji Turancin, har na kama aiki a Kankiya, amma fim ɗin da ba a san sunansa ba ina za a nemo shi? Sai bayan rasuwarta na ci karo da shi a waya. Ga gadar, ga malafar. Na ƙara murya. Ashe cewa ɗan sandan ya yi wa matar ta hanzarta, jirgin ƙasa ya kusa tashi.

Na karanta cewa masu sharhin zamaninsa sun kushe shi, da hujja irin ta Innarmu, sai daga baya aka yaba masa. Wannan bai dame ni ba. Baƙin cikina shi ne amsar gajeruwa ce, da numfashi ɗaya zan faɗe ta, ga ta a bakina kuma babu mai tambaya.