Sudam Jagtap da Ayarin Masu Kwat

A layin 'yan gyara na Nana Peth, cikin birnin Pune, idan tsohon babur ya gagari kowa, wurin Sudam Jagtap ake turo shi. Shekara arba'in da huɗu ya yi a rumfa ɗaya, tun ranar da ya baro ƙauyensu na wajen Saswad yana ɗan sha bakwai, bayan gonar ubansu ta kasa ciyar da su. Sababbin babura ba ya taɓa su. Cewa yake waɗannan ba gyara ake musu ba, canjin kaya ake yi. Nasa su ne tsofaffin nan masu ƙara kamar ana buga ganga, waɗanda aka daina ƙera kayansu tun kafin a haifi 'yarsa Ashwini. Yakan kara kunne jikin inji ya ce kabureta ce, in an buɗe kuwa a tarar ita ɗin ce.

Ta wannan sana'a ya san masu kwat. Duk shekara, wata Lahadi cikin watan Mayu, lokacin da zafi ke gasa garin, maza fiye da ɗari biyu sukan sa kwat da laktaye, su murɗa gashin baki, su hau tsofaffin babura su ratsa gari har bakin madatsar ruwa ta Khadakwasla. Lauyoyi ne da masu kamfani da sojoji masu ritaya. Gudummawa suke tarawa don binciken ciwon dajin nan da ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, suna kuma kira ga maza su je gwaji. Sati uku kafin ranar, rumfar Sudam ba masaka tsinke. A ranar kuma shi ne na ƙarshen ayari, cikin tsohuwar a-kori-kurarsa da akwatin sifanu, yana kwashe duk babur ɗin da ya mutu a hanya. Shekara tara yana wannan.

Kafin a tashi, wani likita kan hau dandamali ya yi jawabi da Turanci, a tafa masa. Sudam yakan yi amfani da wannan lokaci ya bi tayoyi yana duba iska. Abin da ya tsinta dai shi ne wani ciwo ne na masu hali, irin wanda ke kama masu yini a ofis mai sanyi.

Fitsari kuwa ya kai shekara biyu yana ba shi wahala. Zai matsu kamar mararsa za ta fashe, ya je ya tsaya, sai ɗigo. Ƙugunsa ma ya fara ciwo, ya ce tsugunno ne. Maƙwabcinsa Ismail Tamboli mai faci, wanda kamar kowa a layin yake kiransa Dada, wato yaya, shi ya fara lura.

"Dada, sau nawa ke nan tun safe? Ko wata ka ajiye mana a bayan gidan nan ne?"

"Kai dai ji da facinka. Wanda ka liƙe jiya ga shi can yana turo babur ɗinsa."

A gida, matarsa Kusum, wadda shekara talatin da takwas ba ta taɓa kama sunansa ba, ta ajiye masa gurasar dawa da miyar wake ta ce, "Kuna ji? Jiya sau biyar kuka tashi. Ku je a duba ku mana."

"In je in kwance wando gaban yaron da na girmi ubansa? Tsufa ne."

A shekara ta goma, tun la'asar ɗin Asabar, jajibirin fitar masu kwat, fitsarin ya tsaya cak. Da safe ya tashi mara ta yi tauri kamar ƙwarya, amma ya ɗauki makullin mota. Ya ce wa ransa in an dawo zai nemi magani a kyamis. A titin Sinhagad wani babur ya mutu. Sudam ya sauko, ya tsuguna ya kwance fulogi, ya goge ya mayar. Da ya zo tashi sai ƙafafu suka ƙi. Ya zauna daɓas a kan kwalta, zufa na zuba, yana riƙe da ciki.

Wanda ya juyo daga ayarin shi ne Homi Daruwala, tsohon ma'aikacin banki ɗan shekara saba'in da biyu, wanda Sudam ke gyara wa babur tun gashinsu duka yana baƙi. Shi an taɓa yi masa aikin ciwon dajin nan da ake tara wa kuɗi. Ya dubi inda Sudam ya dafe.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya, Saheb," in ji Sudam, da kalmar girmamawar da yake kiran masu kwat da ita.

"Kafin jiya fa?"

Sudam ya sunkuyar da kai. "Ya kai shekara biyu."

Homi ya cire hular kwano ya buga ta a kujerar babur. "Shekara biyu! Kai wane irin wawa ne? Me kake tsammani ya sa muke dafuwa cikin kwat a wannan rana? Ɗaurin aure muke zuwa?"

"Ni na san abin da kuke faɗa, Saheb? Ai ba da ni kuke magana ba."

Homi da mai babur ɗin da ya lalace suka ciccibi Sudam suka sa a mota, tsohon ya ja ta da kansa zuwa asibiti, laktayensa a karkace.

Wata ma'aikaciyar jinya da ba ta kai Ashwini shekaru ba ita ta sa masa robar fitsari. Sauƙin da ya ji da kunyar da ta kama shi, har yau bai san wanne ya fi ba. Daga nan aka shiga gwaje-gwaje, na jini, na tsoka, da hoton ƙashi. Bayan sati uku Dokta Phadnis ya zaunar da shi da Ashwini, wadda ta ɗauki hutu daga makarantar da take koyarwa. Ya yi musu bayani da Marati, harshen garin, a hankali. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashin ƙugu da na baya. Ba a maganar warkewa, sai dai a riƙe shi iya yadda zai riƙu.

Ashwini ta ce, "Da Baba ya zo tun farko fa?"

Likitan ya ce, "Da wataƙila magana ta bambanta. Akwai wanda ya taɓa yin irinsa a danginku?"

Sudam ya ce babu. Sai kuma ya tuna yayansa Hanmant, wanda ya yi wata takwas kwance a ƙauye yana kukan baya, ɗakinsa na warin fitsari, mutane na cewa asiri aka yi masa kan iyakar gona. Ya faɗa. Likitan ya rubuta.

Maganin allura ce duk bayan wata uku, mai danne ƙarfin namiji, don da shi ciwon ke rayuwa. Ta rage masa ciwon ƙashi, ta kuma ɗauke wasu abubuwan. Yana zaune sai zafi ya taso masa daga ƙirji, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya yi teɓa, damatsansa suka saki. Mutumin da ko ranar da aka ƙona gawar uwarsa bai zubar da hawaye ba, yanzu waƙa a rediyo sai ta sa shi kuka. Ya ɗauke shimfiɗarsa ya mayar zaure. Kusum ta bari kwana uku, ran na huɗu ta naɗe ta ta mayar ɗaki.

"Na tambaye ku wani abu ne?" in ji ta. "To ku kwanta inda kuka saba."

Abin da ya fi ci masa rai a rumfa ya faru. Ya gama gyara wani babur, mai shi na tsaye, ya ɗora ƙafa ya buga kik. Bai tashi ba. Ya sake, wani raɗaɗi ya soke shi daga ƙugu har tsakar ka. A na uku ƙafar ko sauka ba ta yi ba. Mai babur ɗin ya ce, "Bari, Dada," ya buga sau ɗaya inji ya kama. Sudam ya zagaya bayan rumfa ya daɗe bai fito ba.

Cikin watan Maris Homi ya zo da shugaban masu shirya hawan, wani matashin lauya mai suna Kedar Apte, riƙe da kwali. Kwat ce a ciki, ruwan toka. Kedar ya ce suna so bana Sudam ya shiga gaba, a zaunar da shi a bayan babur ɗin shugaba, ya yi jawabi a fassara, a sa hotonsa a takardun talla. Labarinsa zai taɓa zukatan masu bayarwa.

Sudam ya shafa kwat ɗin da bayan hannu don kada baƙin mai ya ɓata ta, ya tura kwalin.

"Ku sa mini kwat ku zaga gari da ni kamar birin wasa? Waɗanda za su tafa mini duk sun yi gwajinsu. Ka dubi layin nan, Saheb. Masu furfura sun kai casa'in. Wa ya taɓa zuwa ya faɗa musu?"

Kedar ya fara bayanin cewa kuɗin bincike ake tarawa, kuma tsarin ba daga nan yake ba. Homi ya katse shi. "Kedar, ɗauki kwalinka. Likita yake so, mu kawo masa likita."

Aka sa wata Laraba. Aka kafa tebur da laima gaban rumfar mai shayi, ma'aikata biyu suka zo da kwalaben ɗibar jini. Dokta Phadnis ya yi magana minti goma, 'yan layi na kallo daga nesa, kowa da sifana a hannu kamar aiki ya sha masa kai. Ba wanda ya matso. Sai Sudam ya jawo benci, Ashwini ta riƙe shi ya hau. Bai iya jawabi ba. Ya faɗi yadda yake tsayawa a bayan gida yana jira, da yadda ake jiƙa wando bayan an ɗauka an gama, da ranar da ya zube a titi. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wani mai walda ya ɗaga murya daga baya.

"To Dada, har yanzu kai namiji ne kuwa?"

Dariyar ta tashi, sannan ta mutu da aka tuna 'yarsa na wurin. Sudam ya ji zafin nan ya taso masa, zufa na bin wuyansa.

"Yadda kake nufi, a'a," in ji shi. "Yayana Hanmant namiji ne har ranar da ya mutu. Daga bakin rijiya ana jin ihunsa. Ka zaɓa."

Mutum goma sha ɗaya suka ba da jini. Ismail shi ne na ƙarshe, yana cewa shi don kada tsohon nan ya faɗo daga benci a banza ne kawai.

Ba godiya ce ta biyo baya ba. Mai shayi ya ware wa Sudam kofi daban, wai wasu sun ce ana ɗauka. Yaran layi suka laƙaba masa suna, in ya wuce su yi ta tsartar da ruwa. Sakamako ya fito, goma lafiya lau, na Ismail ya hau. Da aka zurfafa bincike aka sami ciwon, ƙarami, bai fita ko'ina ba. Sati biyu Ismail bai yi masa magana ba. Ran da ya buɗe baki cewa ya yi, "Ina zaman zamana ka jawo mini. Da ban sani ba, da ina cin abincina da daɗi."

"Zage ni son ranka, amma ka je a yanke shi."

An yi wa Ismail aiki sati ɗaya kafin hawan bana. Ranar hawan Sudam na gida kwance, wani ne ya ja a-kori-kurar. Homi ya kira shi da yamma ya ce an tara fiye da na bara, kuma likita ya yi rabin jawabinsa da Marati, ko da yake ban da 'yan sanda biyu da mai sayar da ruwan rake babu wanda ya buƙaci hakan.

Da damina ta sauka ciwon ƙugun ya dawo, ya fi na da. Dokta Phadnis ya dubi takardar jini ya ce allurar ta fara gaza riƙewa, sai an koma ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Sudam ya tambaya ko zai iya aiki yana yi. Likitan ya ce a bari a gani.

Bai jira a gani ba. Ya kira masu babura huɗun da ke rumfa ya ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. Uku suka tafi. Na huɗun injinsa a warwatse yake cikin faranti, kuma ya san duk layin babu mai iya mayar da shi. Ya sa aka ɗora masa shi kan tebur don ba ya iya tsugunno, ya zauna a kujera kwana biyar yana haɗawa, ruwa na dukan kwanon rumfa. Wani lokaci sai ya huta rabin sa'a kafin ya ɗaure noti ɗaya. Ran Asabar mai shi ya zo ya tayar, ya zaga layi ya dawo yana murna. Sudam ya saurari ƙarar, ya ce a rage mai kaɗan, ya rage da kansa.

Ya ja ƙofar rumfa ya kulle. Ismail, wanda ya fara fitowa yana zama ba ya aiki, ya miƙo hannu ya karɓi makullin bai tambayi ranar dawowa ba. Ran Litinin da ƙarfe bakwai Kusum ta ƙulla abinci a kwano, ta ɗauki laima, suka fita neman mota zuwa asibiti.