Goggo Dudu da Hannun Daman Zulai

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Dudu. Karatuna bai wuce aji uku ba, mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Tun ranar da 'yata Zulai ta fara rarrafe nake tsoron murhu. In ina tuƙa tuwo, ido ɗaya na kan tukunya, ɗaya na kanta. Mijina har dariya yake mini. Rannan na shiga ɗaki ɗauko gishiri, kafin in fito ta cusa hannun dama cikin garwashi. Ƙunar ta warke, amma yatsun suka lanƙwashe. Da ta kai shekara huɗu, in an ajiye kwanon tuwo yara sun kewaye, sai ta ɓoye hannun cikin zane ta koma bayan randa. Da ta gwada sa hagu, yaran suka janye kwanon. A gidanmu ba a sa hagu a abincin taro.

A nan Garwa ta Kamaru aka nuna mini wata cibiya inda ake koya wa masu rauni amfani da gaɓoɓinsu. Goggo Dudu ce ke horar da ɗaliban da ake turowa koyon aiki, waɗanda ake kira stajiya. Bafillata ce, gajera, ba ta da yawan fara'a. Ranar farko ɗalibai biyu suka auna yatsun Zulai, suka cika takarda da Faransanci, suka miƙo mini cokali, wai ta riƙa ci da hagu. Goggo ta karɓi takardar ta ninke, ta dubi dogon cikinsu, wani ɗan garin Figil.

"Kai mai biro, ka taɓa ganin yarinyar nan tana cin abinci?"

Ya ce a'a, Madam.

"To me ka rubuta? Gobe da azahar ku same ni gidan uwarta. Ku bar biron a aljihu."

Suka zo. Ta zaunar da su kan tabarma da wandunansu masu guga, ta hana su magana sai kallo. Suka ga yadda ake kewaye kwano, suka ga inda Zulai ke maƙalewa. Sannan Goggo ta yaga tsumma ta ɗaure musu yatsun dama kamar yadda na Zulai suke, ta ce in zubo tuwo da miyar kuɓewa. Miya ta bi gwiwar hannun dogon har cikin riga. Goggo ta ce, "Ci mana, likita! Ko in kawo maka cokalinka?" Ranar ce na fara jin Zulai ta ƙyalƙyale a gaban baƙi.

Daga nan suka fara aikin gaske. Kowane mako suna zuwa, Zulai ta murza yumɓun bakin kogin Binuwai, ta tsinci gyaɗa, ta ɓare wake. Dogon nan da kansa ya je wajen baduku aka ɗinka mata madauri na fata mai miƙar da yatsu. Wata bakwai aka yi kafin ta yanki loma da dama a tsakiyar yara. Goggo ta zama tamkar yayar uwata, har ciwon da ya ɗauke ta ni na yi jinyarsa.

Yanzu Zulai ta girma, madaurin ya yi mata kaɗan, yatsu biyu sun fara komawa ciki. Makon jiya na ga tana jinkirin zuwa kwano. Na mai da ita cibiyar. Na tarar da stajiya uku cikin fararen riguna, agogo na walƙiya, suna fifita da takardar 'yata. Babu wanda ya tambayi sunanta. Ɗaya ya ɗaga hannun da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. Na ce ko za su zo gida su ga yadda take ci, suka kalli juna suka yi murmushi, wai ba ya cikin tsarin karatunsu. Suka miƙo mini cokali. Ko irin cokalin ba su sake ba.

Da Goggo za ta leƙo, ban san wa za ta fara ɗaure wa yatsu ba, su ko wanda ya zauna kujerarta yana sa musu hannu a takardar kammalawa. An ƙara gini, an shafa fenti, ana yaye masu auna yatsa da ba su san me ake yi da yatsan ba.

Ba a sa sunanta a ko ƙofa ɗaya ba. Abin da ta bari yana hannun ɗaliban da miyar kuɓewa ta ɓata wa riga, kuma na ji an warwatsa su Marwa da Ngawundare. Don Allah, mai karatu, in ka san ɗaya daga cikinsu, musamman dogon nan ɗan Figil, ka gaya masa madaurin Zulai ya yi kaɗan. Ya zo da azahar, lokacin da ake ajiye kwano. Allah Ya jiƙan Goggo Dudu.