Mai Ɗanɗana Mana Ruwa

Bana na dawo zangonmu na damina, bakin tafki kusa da Gugaram, da takardar shaidar makaranta. Na tarar da maiƙo a kan ruwan, domin Faransawa masu binciken duwatsu suna wanke motocinsu a ciki.

Marigayi kakana ne yake ɗanɗana mana ruwa. Yakan sassauta rawani, ya kamfata da tafin hannu, ya riƙe a baki, ido a lumshe. "Ƙanshin ƙasa ne, jikana. Saki awaki."

Jiya innata ta miƙo mini ƙwarya. "Kai ka yi karatu. Mu sha?"

Na kurɓa, ban gane kome ba. Na waiwaya inda kakana yakan durƙusa, babu kowa.

Allah Ya shayar da shi ruwan Aljanna, mu kuma Ya nuna mana wanda za mu sha.