Ranar da Jinin Baba Ya Ƙi Tsayawa

Akwai wata Juma'a da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ita ba. Ni direba ne, na daɗe ina jigila tsakanin Gusau da Tsafe, na ga hatsari iri-iri a kan titi. Amma tsoron da ya fi kowanne a zauren gidanmu na Bilbis ya same ni.

A shekarar Babanmu ya yi ciwon zuciya, na kai shi asibiti a Gusau. Da za a sallame shi, likita ya ja ni gefe ya nuna mini wata 'yar ƙwaya, ya ce maganin tsinka jini ne. "Ka kula, kada reza ko aska ta taɓa shi. In ya yanke, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ku saya masa kilifa, injin aski." Na ce to, har da gyaɗa kai irin na masu hankali. Na biya Sabon Gari na sayo mai caji, sabuwa fil a kwalinta.

Baba ya kunna ta, ya saurari ƙuginta, ya miƙo mini kayata. "Wannan ta samari ce. Ni ina da wanzamina." Na maimaita masa maganar likita, ya ce likita bai san hannun mutumin ba, shekara arba'in bai taɓa yanka shi ba.

Wanzamin nan tsoho ne, sa'an Baba, shi ne na gidanmu tun ba a haife ni ba. Kowace Juma'a da hantsi zai zo da zabirarsa ya yi wa Baba gyaran fuska, suna yi suna tsokanar juna. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in sami wanzamin in gaya masa maganar likita. To amma ta ina zan fara? In dubi dattijo in ce ya ajiye askarsa, kamar ina nufin hannunsa ya soma rawa? Na ce sai wani sati. Satin ya zo, na sake cewa sai wani. Ni da nake sauke wa 'yan kamasho kwandon masifa a tasha, bakina ya mutu a gaban tsoho ɗaya.

Ran nan ina bakin zaure ina shan koko. Ya goga askar a fata, ya jiƙa fuskar Baba da ruwa da sabulu, ya share kumatu tas. Ina kallo, zuciyata na cewa yi magana, ina ce mata ai ya kusa gamawa. Ya ɗaga haɓar Baba zai gyara ƙarƙashin gemu, sai tari ya sarƙe Baba, kansa ya yi gaba.

"To, ka ga abin da ka jawo," in ji wanzamin yana dariya. "Ɗan kaɗan ne, Malam."

Ya goga alif a wurin. Jinin ya dawo. Ya danna auduga, ta jiƙe, ya sake wata. Ya ciro wani garin magani daga zabira ya barbaɗa, jinin ya wanke shi ya wuce. Ba tsartuwa yake yi ba, tsiyaya yake a hankali babu hutawa, kamar randa mai tsaga. Kafin in ajiye kwano, gaban farar rigar Baba ya rine.

Dariyar tsohon ta ɗauke. Ya juyo gare ni. "Wanga jini ba irin wanda na sani ba ne. Mi yake sha?"

Sai a lokacin na faɗa masa, cikin in'ina. Ya yi mini kallo ɗaya. Ya kware rawaninsa, ya dunƙule, ya danna a wuyan Baba, ya ce in tayar da mota.

Wallahi ban san yadda na yi tuƙin nan ba. A asibitin Tsafe aka ɗaure wurin, aka ce mu wuce Gusau wajen likitansa. Ba mu yi nisa ba bandejin ya yi ja, tsohon ya mayar da hannunsa ya danne. Baba, mutumin da ba ya shiga motata bai kushe tuƙina ba, ya yi tsit. Can ya ce yana jin sanyi, alhali rana na dukan mota. Na leƙa madubi na ga leɓensa ya yi fari, yana motsa baki, na gane kalmar shahada yake yi. Na ƙara taka totur. Tsoro nake ji zai cika a bayana, kuma ni kaɗai na san da na buɗe baki da hakan bai faru ba.

"Dubi hanya," in ji wanzamin. "Bar mini shi."

Allah ya sa da sauran kwana. Aka yi masa allura, aka ɗinke wurin, aka riƙe shi kwana biyu. Likita ya ce maganin ya tsinka jinin fiye da yadda ake so, ko ƙaramin rauni zai iya yin haka.

Na fito na tarar da tsohon zaune a kan benci. Hannunsa na dama ya sandare saboda dannawa, yatsun sun ƙi miƙewa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Nauyinka na ji."

Ya murza yatsun da hannun hagu. Sannan ya ce, "Ni na yi maka kaciya, yaro. Wace kunya ta rage tsakanina da kai? Da ka faɗa mini, da almakashi zan ɗauko."

Baba ya warke, har yau yana nan. Amma tsohon bai sake ɗora aska a fuskar kowa ba. Ya ce duk sanda ya buɗe ta, wuyan amininsa yake gani. Na so in kare masa mutuncin sana'arsa, sai ga shi shirun nawa ne ya raba shi da ita.

Tun daga ranar na koyi cewa in magana ta shafi ran mutum, jin nauyi ba ladabi ba ne. Yanzu ko wane ne, komai furfurarsa, nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya dace, sannan in faɗa masa.