Mijin Wata Shida

Duk unguwar ta san motar Lenny Kovach, tsohuwar a-kori-kura mai tsani a bayanta, amma ba wanda ya lura da buroshin goge baki da ke tsaye a ramin ajiye kofi, kusa da sandar canza giyar motar. Tun watan Mayu yake nan, har gashinsa ya fara bajewa.

Lenny mai gyaran rufin gida ne a birnin Toledo na Amurka. Mutum ne mara hayaniya, ba ya sha, ba ya caca, cutarsa ɗaya ce: kamun kifi a tafkin Erie. A watan Mayun nan, da gwamnati ta maido musu da rarar harajinsu shi da matarsa Darlene, sai ya ɗauka kaf ya sayo kwalekwalen kamun kifi, ya jawo shi har ƙofar gida yana washe baki. Darlene ta dubi kwalekwalen, ta dubi rufin kicin ɗinta da ke yoyo, ta haɗa masa kayansa. Ya koma ɗakin ƙasa na gidan ƙaninsa, ya bar ta da 'yarsu Tessa mai shekara tara. Ba saki aka yi ba, kowa dai ya ja jikinsa. Ta kuma rantse ba za ta sake sa hannu a takardar haraji ɗaya da shi ba.

Kafin kaka ta ƙare fushin ya huce. Ya sayar da kwalekwalen, ya gyara rufin, har ta fara ajiye masa farfesun kaza mai jan barkono. Da ya koma gida a lokacin, ba don Misis Oberle ba.

Misis Oberle tsohuwa ce da ke cika wa rabin unguwar takardun haraji a teburin kicin ɗinta, kuma tagarta na kallon ƙofar su Darlene. Ita ta yi musu bayani. Matar aure da ta ƙi haɗa takarda da mijinta ta fi kowa shan matsin haraji. Sai dai akwai mafita: in ita ke ɗauke da fiye da rabin nauyin gidan, yarinya na hannunta, kuma mijin bai zauna a gidan ba a wata shidan ƙarshe na shekara, to gwamnati za ta rubuta ta a matsayin shugabar gida, ta yi mata sassauci.

"Ni ban hana ku soyayya ba, yara," in ji tsohuwar, tana leƙen su ta saman tabarau. "Amma in na ga motar nan ta wayi gari a ƙofarki, Darlene, ba da hannuna ba. Ban tsufa don in yi wa gwamnati ƙarya ba."

Haka Lenny ya zama baƙo a gidansa. Da safe ya zo ya kwashe ƙanƙara daga ƙofa, ya kai Tessa makaranta. Da yamma ya dawo ya ci abinci, ya wanke kwanuka. Da zarar ya miƙe ƙafa a kujerarsa, sai Darlene ta miƙo masa hularsa.

"Tashi, malam. Hamma biyu ka yi, na ƙirga."

"Ranki ya daɗe, shugabar gida, gyangyaɗi ma zama ne a dokar?"

"Je ka tambayi kwalekwalenka."

Tessa kuwa takan raka shi ƙofa. "Baba, gwamnati ce ta ce ka tafi, ko Mama?"

"Gwamnati ce, 'yar gidana."

Da baki yake faɗa, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. Ya ga yadda Darlene ke kwance a tsakiyar gado yanzu, filonsa ya koma na jingina. Ya ga yadda fuskarta ke haske in an ce shugabar gida. Shekara goma sha biyu tana riƙe da gidan nan ba wanda ya taɓa kiran ta haka, sai hukumar haraji. Tsoronsa shi ne ranar da wa'adin zai cika, hujja ta ƙare, ta ce masa ta fi son zaman haka.

Ranar sabuwar shekara, da hantsi, ya tsayar da motar ya fito da jakarsa. Labulen Misis Oberle ya motsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya danna ƙararrawa, alhali makulli na aljihunsa.

Darlene ta buɗe, da ludayi a hannu. Ta dubi jakar ta daɗe.

"Shekara ta ƙare, Darlene," ya ce. "Yanzu ba gwamnati a tsakaninmu. Ke nake tambaya."

"To ji abin da na gano," ta ce. "Dokar ba ruwanta da farkon shekara, ƙarshenta kawai take dubawa. Daga yau har ƙarshen Yuni kana iya yin minsharinka a nan, ban rasa komai ba."

"In Yuni ya ƙare fa?"

"Lokacin ne ai ake tallar kwalekwale, ko? Mu ga abin da za ka jawo mini ƙofar gida. In ka tsallake, in sauka daga sarautar da kaina."

Tessa ta ratso ta ƙarƙashin hannun uwarta ta cafke jakar, tana jan ta ciki tana ihu gwamnati ta yarda. Darlene ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda mutum ɗaya zai wuce.

"Goge ƙafarka. Sabon kafet ne, ni na saya."

Ya goge sau biyu. Da rana ya taka zuwa kanti ya sayo sabon buroshi, ya sa a kofin banɗaki kusa da na Darlene. Tsohon kuwa ya bar shi a mota inda yake. Daga nan ya ɗauki shebur ya tsallaka titi, ya kwashe wa Misis Oberle ƙanƙarar ƙofarta.