Gammo a Tudun Lyon

Cikin ranakun da na yi a sana'ar fata, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce goma sha ɗaya ga Disamba, shekarar da na fara kai kaya Lyon. Ku da kuka shigo kantin nan namu na unguwar La Goutte d'Or a Paris kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin rataye tsohon ƙyallen wuya a bango. To ga dalilin.

Cinikin ya zo ta hannun Malam Nasiru, wani ɗan Tawa mai karatun tarihi a jami'ar Lyon. Wata ƙungiyar masu sha'awar tarihin Rumawan dauri ce ke son takalman fata na mutum sittin, irin na zamanin can, don wani biki. Na ce masa, "Malam, ba dai bautar gunki za a yi da takalmana ba?" Ya yi dariya ya ce wasan tarihi ne kawai. Kafin Rum ta zama birni, ƙauyuka ne a kan tuddai, kowane da mutanensa. Sau ɗaya a shekara sukan yi bikin tuddai bakwai, Septimontium, su yi yanka a kan tudu. Ya ci gaba da bayani, ni kuwa hankalina ya riga ya koma kan fatar da za ta dace.

Aikin dai kun san shi. Na karɓi awon ƙafafu, na aika wa dukawanmu na Damagaram, kaya suka iso, na duba ɗinki ɗaya bayan ɗaya, na cika kwali shida. Takarda ta ce a kai ranar goma ga wata. Na ce don me zan kwana a otel? Na bugo waya na ce sai safiyar biki. Na baro Paris tun kafin asuba, na yi salla a hanya, ƙarfe goma sha ɗaya ina ƙofar lambun da suka yi haya a jikin tudu, sanye da kwat ɗina mai kyau.

Ƙofa a rufe. Shugabar ƙungiyar, Madam Odil, wata dattijuwa naɗe da farin mayafi, ta leƙo ta kira ni da Mushe, wato Malam a Faransanci, ta ce, "Mushe Lawali, yau mota ba ta hawa."

Na ce, "Madam, minti biyar ne."

Ta ce, "A wannan rana Rumawa ba sa ɗaura wa dabba keke. Shi ya sa muka ce jiya."

Na ce, "Ai motata babu sa, babu jaki."

Ta ce, "Ita ce keken shanun yau. Mun kuma yi alkawari yau babu abin da zai hau da taya."

Na fito da ɗan amalanken hannu daga bayan mota, ta kalle shi ta girgiza kai. Malam Nasiru ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, na faɗa maka a waya." Gaskiyarsa ce. Ƙarfe goma sha biyu za su fara jerin gwano, baƙi sun soma taruwa a sama. In takalma ba su hau ba, Rumawa sittin za su fito da takalman ƙwallo, sunana ya mutu a Lyon tun bai tashi ba.

Muka rungumi kwali ɗaya ɗaya. Ba mu kai rabin hanya ba hannuna ya sage, Malam Nasiru kuwa, ɗan boko, yana haki kamar ɗan tauren da aka kora. A nan na tsaya. Ni da dako na fara a kasuwar Maraɗi, kuma ranar da na buɗe kantina na ce wa kaina kaya ba zai sake hawa kaina ba. Na dubi agogo, na kwance ƙyallen wuyana, na naɗe shi gammo, na ce, "Malam, aza mini biyu."

Ashe wuya bai manta ba. Na hau a miƙe, hannu a aljihu. Da na iso sama sai kowa ya juyo yana kallona. Wani tsoho mai gemu, wanda daga baya na ji likita ne, ya ce, "Mushe, yaya ake wannan naɗin?" Na nuna masa da gefen mayafinsa. Kafin in sha ruwa, mutum huɗu sun gangara da gammonsu. Kwalin likita ya faɗi sau biyu, takalma suka watse a gangare, matarsa tana bi tana tsincewa tana yi masa tsiya. Sha biyu saura minti biyar kowa ya ɗaure takalminsa.

Madam Odil ta miƙo mini burodin biki ta ce, "Baɗi ma kai za ka kawo, amma da ka."

Na ce, "Baɗi ranar goma zan zo, Madam."

Haka kuwa nake yi har yau. Abin da nake so ku riƙe shi ne: mai saye in ya sa maka rana, akwai abin da ke bayan ranar, ka tambaya, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Na biyu, kada ka raina aikin da ka baro. Kwat da mota da takardun kanti duk a ƙofa suka tsaya rannan. Ɗan dako ne ya hau tudu.