Layin da Malam Ya Soke

Shekarar da na gama elementare a Birnin Gwari, gurbi ɗaya aka ba mu a makarantar Midil ta Zariya, kuma da insha'i za a zaɓa. Kowa ya san Baturen makaranta ba ya wuce layin farko. In bai kama shi ba, sai ya ajiye takardar.

Mako guda na yi ina sassaƙa nawa: "Ranar da babana ya samu zinariya a daji, ranar muka fara kwana da yunwa." Gaskiya ce, don daga ranar ya bar gona ya koma haƙa.

Na kai wa malaminmu, wanda ya koya mini riƙe alƙalami. Ya karanta sau biyu, ya soke da jar tawada.

"Kai, wa ke tona asirin gidansu gaban Bature? Fara da 'Daji wuri ne mai itatuwa.' Ladabi ke nan."

Na bi, don a lokacin ban san malami yana kuskure ba, balle ganganci.

Ranar sakamako Bature ya ɗaga takarda ɗaya, ya karanta da gurguwar Hausarsa. Jimlata ce, ko wasali ba a taɓa ba. Sunan ɗan ƙanwar malam ke sama, yaron da ubansa tela ne, bai taɓa riƙe diga ba.

Na tare malam bayan aji. "Malam, ai tawa ce."

"To, ba ka ga ta yi aiki ba? Gode wa Allah, kana da basira."

Da basirar na koma gona, yaron kuma ya hau motar Zariya.